Kowa ya ga ƙibarta, ba wanda ya tambayi barcinta

Watan jiya na raka yayata asibiti saboda ciwon gwiwa. Mun share awa biyu da rabi a kan benci kafin layi ya zo kanmu, ganin likitan kuwa bai kai minti shida ba. Ya ce ta hau sikeli, ya leƙa lambar, ya rubuta a kati, sannan ya yi magana kansa na sunkuye: "Hajiya, nauyi ne ya yi wa gwiwar yawa. Ki rage ci, ki riƙa motsa jiki."

Yaya ta ce, "To, likita." Ta duƙa da ƙyar ta zura takalminta muka fito. Har muka isa gida fuskarta na wajen tagar mota, ta rungume jakarta a kan cikinta kamar mai ɓoye kayan sata.

Likitan bai yi ƙarya ba, nauyin na cin gwiwar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da bai tambaya ba. Da ya ce, "Kina samun barci?" da ya ji cewa tun haihuwar autanta, shekara biyu ke nan, ba ta taɓa haɗa awa huɗu a jere ba. Da ya ji cewa wayarta na ƙara har ta katse tana kallon ta. Da ya ji abin da ni na gani da idona wani dare da na kwana gidanta: ƙarfe biyu da rabi, fitilar kicin a kashe, hasken firij kaɗai, tana tsaye tana ci da sauri. Da ta gan ni ta ce, "Wallahi ba yunwa nake ji ba. Ko ɗanɗanon ba na ji." Kilo 19 ta ƙara a shekara biyun nan.

Ga ra'ayina tun kafin mu yi nisa. Idan mace ta yi ƙiba, musamman a ɗan ƙanƙanin lokaci, tambayar da ta kamata a fara yi mata ita ce me ke damun ta. Batun abin da take ci ya biyo baya. Sannan gori da tsokanar da muke yi mata da sunan "don lafiyarta" suna cikin abubuwan da ke ƙara mata ciwon. Ni da ke faɗin haka na yi shekaru a sahun gaba na masu tsokanar. Ni ce mai cewa, "Yaya, kujerar nan fa ta ɗan'adam ɗaya ce," kowa ya yi dariya, ita ma ta yi.

Wanne ke jawo wanne?

Sai in yi saurin fayyace abin da nake nufi da damuwa, don kalmar ta yi faɗi a bakinmu. Ba ɓacin ran kwana biyu nake nufi ba. Ciwon damuwa shi ne ƙuncin da ke zama wa mutum kusan kullum, mafi yawan yini, har mako biyu ko fiye, ya cire masa sha'awar abubuwan da a da yake jin daɗinsu, ya rikita masa barci da cin abinci, ya sa yana ganin kansa ba komai ba. Ƙiba kuwa a ma'aunin likitoci ana raba nauyin mutum ne da tsawonsa sau tsawonsa, in lissafin ya kai 30 an shiga sahu. Mace mai tsawon mita 1.60 da ta kai kilo 77 ta taɓa layin.

A shekarar 2010 wasu masu bincike a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ƙarƙashin Floriana Luppino, suka tattara bincike 15 da aka bi mutane na tsawon shekaru, kusan mutum 59,000. Suka ga cewa mai ƙiba ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55 cikin 100. Mai ciwon damuwa kuma ya fi wanda ba shi da shi haɗarin yin ƙiba da kashi 58 cikin 100. Wato hanya ce mai zuwa da dawowa, kuma faɗinta kusan ɗaya ne ta kowane ɓangare. Duk wanda ya ce maka ya san wanne ya fara a jikin wata mace daga kallon ta kawai, cika baki yake yi.

Yadda damuwa ke kawo ƙiba ba wani siddabaru ba ne. Mun saba ɗauka cewa mai damuwa ramewa yake yi, kuma wasu kam haka ne. Amma akwai nau'in ciwon da ke buɗe ciki, ya sa jiki ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, kuma an fi ganin irin wannan a mata. Ƙunci mai tsawo na rikita sinadarin kotisol, wanda ke tura kitse ya taru a tumbi, ya kuma sa rai ya riƙa kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Rashin barci na ɗaga sinadarin da ke kiran yunwa, ya rage wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Matar da ta kwana ido biyu za ta wayi gari da yunwar da ba ta cikinta ba ce. Ka ce wa wannan matar ta fita ta yi tattaki na minti 30, alhali wanka ma sai ta yi shawara da kanta tun safe har azahar.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya: wasu daga cikin magungunan ciwon damuwar da kansu suna ƙara nauyi. Amitriptyline, mirtazapine da paroxetine sanannu ne a kan haka. Mace ta yi ƙarfin hali ta je ta nemi magani, ta fara samun sauƙi, bayan wata huɗu kayanta su daina shigarta, dangi su fara magana, ta ajiye maganin a ɓoye. Ajiye shi kwatsam kuwa na da nasa haɗarin. Akwai magungunan da ba su cika ƙara nauyi ba, kuma likita zai iya canza mata, amma sai in wani ya gaya mata cewa abin na canzuwa.

Ta ɗaya ɓangaren, ƙiba na ciyar da damuwa. Kitse mai yawa ba ya zama shiru a jiki, yana fitar da sinadaran da ke haddasa wani kumburi na ciki marar zafi, wanda ake samun alamunsa a jinin masu ciwon damuwa da yawa. Ga toshewar numfashi cikin barci, irin minsharin da ke yankewa sannan mutum ya farka a firgice, ya kwana awa takwas ya tashi kamar bai runtsa ba. Ga ciwon gwiwa da baya da ke zaunar da mutum wuri ɗaya. Sai kuma mu, mutanen da ke kewaye da ita, da bakinmu.

"To ai gaskiya ce, ƙiba na kisa. Mu yi shiru ke nan?"

Wannan ce hujjar da aka fi kawo mini, kuma ba zan yi wasa da ita ba. Ƙiba na buɗe ƙofar ciwon sukari, hawan jini, ciwon zuciya da wasu nau'o'in sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ita, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ba na cikin masu cewa a yi kamar babu matsala.

Tambayata dai ita ce: gorin yana aiki? Da yana aiki, da tuni an gama da ƙiba a duniya, don babu mace mai ƙiba da ta tsira daga shi. An gwada amsa wannan tambayar. Angelina Sutin da Antonio Terracciano na jami'ar jihar Florida a Amurka sun bi mutum sama da 6,000 na tsawon shekara huɗu, suka fitar da sakamakon a 2013. Waɗanda aka tsangwama saboda nauyinsu, alhali ba su ma kai layin ƙiba ba tukuna, sun fi sauran yiwuwar tsallake layin sau biyu da rabi. Waɗanda da ma suna da ƙibar kuma aka tsangwame su, sun fi yiwuwar zama a cikinta sau uku.

Wanda ya zauna da mai ƙiba ba ya bukatar jami'a ta gaya masa dalili. Matar da aka yi wa dariya ranar da ta fita motsa jiki ba za ta sake fita ba. Wadda ake bin cokalinta da ido a gaban mutane za ta ci kaɗan a gabansu, ta rama a ɓoye cikin dare. Wadda duk ciwon da ta kai asibiti, ko na kunne ne, aka mayar mata da shi kan nauyinta, za ta daina zuwa har sai abin ya yi tsanani. Kuma wai mu a tunaninmu sanar da ita muke yi. Akwai madubi a ɗakinta. Ita ke ɗaga jikin nan ta hau bene da shi kullum. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai bambanci tsakanin likitan da ya zaunar da mace, ya nemi izininta su yi maganar nauyinta, ya tambayi yadda kwanakinta ke tafiya, da gwaggon da ke tarar ta daga bakin ƙofa da cewa, "Ke kuwa haka za ki yi ta buɗewa?" Dukansu sun ambaci abu ɗaya. Ɗaya kaɗai za ta koma wurinsa.

"Ga wance nan da ƙibarta, kullum cikin dariya"

Haka ne, kuma Allah ya ƙara mata. Mata masu ƙiba da yawa lafiyarsu ƙalau ta wajen zuciya, kuma zai zama wani sabon zalunci a riƙa kallon duk mai jiki ana cewa lallai akwai abin da ke cin ta. Ƙarin haɗari da kashi 55 ba hukunci ba ne a kan kowa.

Sai dai wannan zance na mai ƙiba mai fara'a ya daɗe, har ya taɓa shiga mujallar likitocin Birtaniya a 1976, inda wasu masu bincike biyu, Crisp da McGuiness, suka ce sun ga ƙarancin damuwa a wurin masu ƙiba. Abin da ake mantawa shi ne ƙarancin ciwon damuwar a maza suka gan shi. Aka ɗauki rigar maza aka yafa wa mata.

Dariyar ma ina da ja a kanta. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar mace mai ƙiba ta daɗe da koyon aikinta. Yaya ce ke fara tsokanar kanta kafin wani ya riga ta. In za a ɗauki hoto ita ce mai cewa, "Ku kawo in ɗauke ku, ni zan cika muku allo." Mu kuma mu ce kai, Yaya akwai barkwanci. Sai da na zauna ina duba hotunan shekara biyu a wayata na lura babu ita a ko ɗaya.

Me ya sa abin ya fi kan mata?

Maza ma na ƙiba, suna kuma kamuwa da damuwa, kuma nasu shirun wani babi ne. Amma igiyar da ta ɗaure cututtukan biyu ta fi kauri a wajen mata. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta fitar da alƙaluma a 2014 da suka nuna kashi 43 cikin 100 na manya masu ciwon damuwa suna da ƙiba, a waɗanda ba su da shi kuwa kashi 33 ne. Da aka raba maza da mata, sai aka ga a kowane rukunin shekaru mata masu damuwa sun fi sauran mata ƙiba. A maza abin bai fito haka ba.

Wani ɓangare na dalilin a jiki yake. Ciwon damuwa da ma ya fi kama mata, kusan sau ɗaya da rabi a kan maza. Rayuwar mace kuma na da mashigai inda nauyi da yanayin zuciya ke motsawa tare: balaga, goyon ciki, bayan haihuwa, da lokacin ɗaukewar al'ada. Fiye da mace ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa lokacin da take da ciki ko bayan ta haihu, daidai lokacin da jikinta ya canza, barci ya ƙaurace mata, kowa kuma hankalinsa na kan jariri. Akwai cutar PCOS mai rikita ƙwan mace da al'adarta, wadda ke tafe da ƙarin nauyi da gashi a fuska da wahalar samun ciki, kuma yawancin masu ita ba su ma san sunan abin da ke damun su ba. Akwai raunin ƙwayar tayirod ta maƙogwaro, wanda ya fi yawa a mata, yana kawo kasala da ƙunci da ƙarin nauyi a tare. Gwajin jini ke gano shi. Ruwa ba ya tsami banza, amma mu da mun ga ƙiba sai mu ce kwaɗayi.

Ɗaya ɓangaren kuwa ba a jiki yake ba, kuma binciken da ya fi tsaya mini shi ne na jami'ar Exeter ta Ingila da abokan aikinsu na Ostareliya, wanda ya fito a ƙarshen 2018. Sun duba ƙwayoyin halittar mutum sama da 48,000 masu ciwon damuwa da wasu sama da 290,000 marasa shi. Dabarar da suka yi ita ce ware mutanen da suka gaji ƙiba amma ba su gaji ciwon sukari da sauran cututtukan da ke rakiyarta ba. Waɗannan ma haɗarin damuwarsu ya hau, kuma ya fi hawa a mata. Jini lafiya, sukari lafiya, zuciya a ƙuntace. Masu binciken sun karkata ga cewa zama da ƙibar a cikin mutane shi kansa ciwo ne.

Ban yi mamaki ba. Namiji in ya yi tumbi sai a ce ya samu wuri, an fara jin daɗi. Mace in ta yi, sai a ce ta saki kanta, a fara yi mata lissafin ranar da mijinta zai kalli waje. Wadda ba ta yi aure ba a ce wa zai ɗauka. Ta buɗe waya, Instagram ya jero mata matan da suka haihu wata biyu da suka wuce cikinsu kamar allo, a ƙasan hoton kuma tallar maganin rage ƙiba cikin kwana 14.

"Ta sauke nauyin mana, damuwar za ta tafi da kanta"

Wani lokaci haka ne, wani lokaci ba haka ba. Waɗanda aka yi wa tiyatar rage ciki sukan samu sauƙin zuciya a shekara ta farko ko ta biyu, amma a wasu ciwon na dawowa, shi ya sa ake son a ci gaba da bibiyar lafiyar ƙwaƙwalwarsu bayan aikin. Sababbin allurai irin su semaglutide suna sauke nauyi da gaske, amma in an daina yawancin nauyin na dawowa, kuma ba a yi su don maganin ƙunci ba. Matar da ta ɗora duk begenta a kan lambar sikeli, ranar da lambar ta koma sama za ta faɗi ƙasa da inda ta taso.

Sannan shawarar ta juya abin a kai. Rage nauyi aiki ne mai bukatar tsari da juriya da ganin cewa gobe ta cancanci a yi mata wahala, kuma waɗannan su ne ainihin abubuwan da ciwon damuwa ke fara sacewa. Kamar ka ce wa mai karaya a ƙafa ta taka zuwa wurin mai ɗori ne. Motsa jiki na taimaka wa zuciya ko da sikeli bai motsa ba, wannan tabbas ne, amma sai an ɗan ɗaga mata dutsen da ke kanta kafin ta iya ɗaura takalmi. Haƙuri da addu'a da muke ba ta shawara suna da muhallinsu. Mai hawan jini ma muna yi masa addu'a, kuma ba ma hana shi ƙwayarsa.

Na san likitan nan na farko yana da mutum hamsin a bakin ƙofa, ban ɗauke shi mugu ba. Amma akwai tambayoyi biyu da likitoci ke amfani da su wajen tantance ciwon damuwa: a mako biyun da suka wuce, kin ji sha'awar abubuwa ta fita daga ranki? Kin ji ƙunci ko yanke ƙauna? Ba sa cin minti ɗaya. Hawa sikelin da sauka ya fi su cin lokaci.

Bayan mako biyu na lallaɓa Yaya muka ga wata likitar. Ita ma ta auna ta. Sai ta ajiye biro ta ce, "Maman yara, ya dare yake miki?" Yaya ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, maganar ta maƙale, ta yi kuka kusan minti goma, likitar ba ta katse ta ba. An ɗibi jininta, an ba ta magani, an haɗa ta da mai ba da shawara da take gani duk mako biyu.

Ba ta rame ba. Da na yi mata maganar sikeli ta ce ta tura shi ƙarƙashin gado sai likita ta nema. Gwiwar na nan tana ciwo, wasu ranakun kuma har yanzu wayarta na ƙara ba ta ɗauka. Amma tana samun barcin awa shida, kuma da yamma takan zaga layinsu da autan a hannu.

Ranar Asabar gwaggonmu ta zo, tun daga ƙofa ta fara: "Oh ni, har yanzu dai jikin nan..." Na buɗe baki zan tare, Yaya ta riga ni. Ta ce, "Gwaggo, ba ni da lafiya ne, ina shan magani. Ki zauna in gaya miki." Gwaggo ta yi tsaye da mayafi a hannu, ta kalle ni, ta kalle ta, sannan ta jawo kujera.